TARIHIN GARIN KAFANCHAN: TASHA, KASUWA DA MAJAMI'U

Jawabi domin karantawa a azuzuwan manya da dandalin gari



Jawabin wannan wata a kan garin Kafanchan ne. Garin yana kudancin Jihar Kaduna, kuma shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a. Da yawa daga cikinku sun san sunansa ta wajen citta. Dattawa sun san shi ta wajen jirgin ƙasa. Waɗansu kuwa ba su taɓa jin sunansa ba sai a labarin rikici.

Kafanchan ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Zariya. Ba shi da ganuwa. Kimanin shekara 100 da suka wuce, wurin da tasha da kasuwa suke yanzu gonaki ne da daji. Saboda haka tarihinsa a fili yake. Ana iya bin sa daki-daki, a ga abin da ke sa gari ya tashi da abin da ke sa ya durƙushe. Duk wanda ke zaune a ƙauyen da aka kawo wa sabon titi, ko sabuwar kasuwa, ko baƙi suka fara sauka, yana da abin koya a nan.

MASU ƘASA TUN KAFIN JIRGI

Kafin jirgi ya zo, ƙasar tana da masu ita. Su ne mutanen Fantswam. Manoma ne da mafarauta. Daga sunansu aka sami sunan Kafanchan, bakin baƙi ne ya juya shi. Maƙwabtansu sun haɗa da Bajju, da Agworok, wato mutanen Kagoro, da Nikyob, wato Kaninkon, da Ham, wato Jaba. Kowace al'umma da harshenta da al'adunta.

Ƙasa ce mai ni'ima. Damina tana daɗewa fiye da ta Kano da Katsina. Duwatsun Kagoro suna nan kusa, ƙoramu suna gangarowa daga cikinsu. A gefen gari akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, ana kiransa Matsirga. Mutanen yankin suna noma acca, dawa, dauro, doya, gwaza da riɗi. Suna kuma ɗiban zuma.

Mutane sun daɗe ƙwarai a wannan yanki. A 1943 masu haƙar kuza suka tono wani kan mutum-mutumi na yumɓu kusa da Jema'a. Wani ma'aikaci ya kai shi gonarsa ta doya, ya kafa shi domin tsorata masu ɓarna. Daga baya ya isa hannun wani Bature mai binciken kayan tarihi a Jos, sunansa Bernard Fagg. Bincike ya nuna irin waɗannan kayan yumɓu sun haura shekara 2,000. Ana kiransu kayan Nok, da sunan wani ƙauye a ƙasar Jaba inda aka fara samun irinsu a 1928.

Wajen 1810 Fulani suka kafa masarautar Jema'a a wannan yanki. Sarakunanta suna biyayya ga Sarkin Zazzau. Fatake Hausawa kuma sun daɗe suna ratsawa da jakunansu, ɗauke da gishiri, kanwa da tufafi. Zaman bai yi daɗi kullum ba. An yi ciniki da abota, an kuma yi yaƙi da kamun bayi. Jikoki sun gaji labarin duka biyu.

ZUWAN LAYIN DOGO

Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layin dogo ne domin su kai kaya bakin teku. A 1909 aka gano kwal a ƙasar Udi, kusa da Inugu. Aka gina tashar jiragen ruwa a Fatakwal, aka ja layi daga can ya iso Inugu a 1916. A Filato kuma ana haƙar kuza. Wani ɗan siririn layi ne ke ɗauke ta daga Jos zuwa Zariya, kuma ba ya iya ɗaukar kaya da yawa. Sai aka shirya a ja layin Inugu zuwa arewa, ya ƙetare Kogin Binuwai a Makurɗi, ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna. Aka kuma shirya a cire masa reshe ya hau Filato.

Injiniyoyi suka duba inda ya fi dacewa reshen ya rabu. Suka zaɓi wani fili a ƙasar Fantswam. A 1927 aka gama aikin. Daga Kafanchan hanya uku ta tashi. Ɗaya ta yi kudu zuwa Makurɗi, Inugu da Fatakwal. Ɗaya ta nufi Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 180. Ta uku ta hau Jos, tafiyar kimanin kilomita 100. A 1932 aka buɗe gadar Makurɗi, aka daina ƙetarar da taragu ta kan ruwa. Tsakanin 1958 da 1964 aka ja layi daga Kuru, kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe har Maiduguri. Duk kayan da jirgi ya ɗauko daga can zuwa teku sai sun ratsa Kafanchan.

Aikin shimfiɗa layi ya ci ƙarfin talakawa. An tara leburori ta hannun sarakuna da hakimai, da yawa ba da son ransu ba. Da diga da shebur da kwanon sarki suka fasa tudu, suka cike kwari. Ba a rubuta sunayensu ba, amma da guminsu aka kafa garin.

Jirgin wancan zamani da kwal da ruwa yake tafiya. A mahaɗa ake ɗura masa ruwa, a zuba masa kwal, a duba ƙafafunsa, a canja direba. Saboda haka aka gina wurin gyaran kan jirgi, da tankin ruwa, da gidajen ma'aikata. Waɗannan su ne gine-ginen farko na sabon gari.

YADDA KASUWA TA KAFU

Yawancin ma'aikatan reluwe na farko daga kudu suka fito, Ibo da Yarabawa da sauransu. Dalili kuwa shi ne makarantun boko sun riga isa can. Su ne akawuna, direbobi, masu gyaran inji da masu sayar da tikiti. Suna karɓar albashi duk ƙarshen wata, amma ba su da gona. Dole su sayi abin da za su ci. Daga nan ciniki ya fara.

Matan ƙauyukan kewaye suka riƙa kawo itace, doya, acca da ganyen miya bakin tasha. Matan Fulani suka kawo nono da man shanu. Mahauta Hausawa suka kafa rumfar nama. Bayansu sai masu tsire, 'yan koli, masu goro, teloli da wanzamai. Ibo suka riƙa ɗoro manja da garin rogo a jirgi daga kudu, suka buɗe kantuna. Daga baya suka shiga sayar da kayan gini da kayan gyaran mota. Yarabawa suka kawo atamfa da goro, suka koya wa yara gyaran keke da ɗaukar hoto.

Fasinjoji ma sun ba da tasu gudunmawa. Wanda ya fito daga Fatakwal zai tafi Jos, wani lokaci sai ya sauka ya jira wani jirgin. Mai jira yana bukatar abinci, shayi, ɗan dako da wurin kwana. Kowace bukata ta zama sana'ar wani.

Akwai kuma maganar haraji. Gwamnatin mulkin mallaka ta ce da tsabar kuɗi za a biya. Manomin da ya saba cin abin da ya noma, ya yi musayar ragowar, dole ya fito kasuwa ya nemi sule da kwabo. Manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt sukan buɗe kanti kusa da tashoshin jirgi. Suna sayen amfanin gona a kan sikeli, suna sayar da gishiri, kananzir, akoko, sabulu, ashana da kwanon rufi. Tsakanin kamfani da manomi akwai 'yan kamasho da dillalai. Manomin da bai iya karanta lambar sikeli ba, abin da akawu ya faɗa shi ke nan. Wannan yana cikin abubuwan da suka sa iyaye suka fara ganin amfanin aika yaro makaranta.

Mutane daga wurare dabam-dabam sun haɗu, kowa da harshensa. Sai Hausa ta zama harshen kasuwa. Da ita Bayarabe ke ciniki da matar Bajju, da ita mutumin Ibo ke yi wa Bafulatani lissafi.

CITTA

Amfanin gonar da ya fi fitar da sunan yankin shi ne citta. Wajen 1927, daidai da zuwan jirgi, aka fara noma ta da yawa domin sayarwa waje, musamman a ƙasar Jaba da Kachia. Ana shuka ta farkon damina, a rufe gonar da ganye domin ƙasa ta riƙe laima. Bayan wata bakwai zuwa tara a haƙe ta. Sai a tsaga ta, a shanya a ranar hunturu har ta bushe, a ɗura a buhu.

Aiki ne mai cin hannu. Tsagawa da shanya yawanci mata da yara ne ke yi. Amma busasshiyar citta ba ta saurin lalacewa, tana jure doguwar tafiya. Saboda haka ta dace da jirgi. Kafanchan ta zama ɗaya daga cikin wuraren tara ta da lodinta. Da kuɗin citta gidaje da yawa suka biya haraji, suka yi rufin kwano, suka biya kuɗin makaranta. Kudancin Kaduna ya zama yankin da ya fi kowane noman citta a Nijeriya.

Ban da citta, akwai kiwo. A Katsit, dab da gari, aka kafa kasuwar aladu ta mako-mako. Ta shahara har masu saye suna zuwa da manyan motoci daga kudancin ƙasar. Shanu, awaki da kaji ma suna da nasu masu ciniki.

MAJAMI'U DA MAKARANTU

Addinin Kirista ya shigo yankin ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce ta jirgi. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu sun zo da addininsu. Akwai 'yan Angilikan, 'yan Katolika, 'yan Baptis da sauransu. Da farko sukan taru a ɗakin wani ko a rumfa ranar Lahadi. Sannu a hankali suka riƙa cire wani abu daga albashi, suka gina majami'u na ƙasa, daga baya na bulo. Sujada da harshen Ibo ake yi, ko Yarabanci, ko Turanci. Baƙon da ya sauka a jirgi bai san kowa ba, majami'ar mutanensa yake nema. A nan ake samo masa masauki, wani lokaci har da aiki.

Hanya ta biyu ita ce ta 'yan mishan, waɗanda suka zauna a ƙauyuka. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikinsu a garuruwan Musulmi, amma ta bar su su shiga wuraren masu addinin gargajiya. Ƙungiyar da ta fi aiki a nan ita ce SIM. Mutum uku suka fara ta a 1893: Rowland Bingham, Walter Gowans da Thomas Kent. Biyu daga cikinsu sun mutu a 1894, tun aikin bai kafu ba. Bingham ne ya rage, ya ci gaba. A 1910 ƙungiyar ta buɗe tasha a Kwoi, ƙasar Jaba. Bayan zuwan jirgi ta zauna a Kagoro, kusa da Kafanchan. Kagoro ta zama wurin horar da masu wa'azi da malaman makaranta.

'Yan mishan sun tarar da harsuna masu yawa a ɗan ƙaramin yanki. Sai suka ɗauki Hausa domin koyarwa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa. Ana so mai neman baftisma ya iya karanta shi da kansa. Saboda haka kusan kowace majami'ar ƙauye ta zama ajin koyon karatu. Manya da yara suna zama a kan kututture, suna koyon a, b, c. Daga waɗannan azuzuwa aka sami makarantun firamare. Kusa da makaranta kuma sau da yawa akwai ɗan ɗakin shan magani, inda ake wanke gyambo, a ba da maganin zazzaɓi, a karɓi haihuwa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Dattawan addinin gargajiya sun yi tsayayya, domin sun ga yara suna barin al'adun kakanni. Iyaye da yawa sun fi bukatar yaro a gona. Karatun 'ya'ya mata kuwa ya yi jinkiri. Amma da aka ga waɗanda suka yi karatu sun zama malamai, akawuna da ma'aikatan asibiti, sai ra'ayi ya fara canjawa. Malam Gwamna Awan, wanda ya yi karatu ya kuma yi aiki da mishan, ya zama Sarkin Kagoro a 1945. Ya riƙe sarautar har rasuwarsa a 2008.

A 1954 aka yi taro a Kagoro, majami'un da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ikilisiya ɗaya a hannun 'yan ƙasa. Ita ce ECWA. Limaman Katolika na ƙungiyar SMA, waɗanda yawancinsu daga ƙasar Ailan suka fito, su ma sun buɗe majami'u da makarantu a gari da ƙauyuka. A 1990 Angilikan ta naɗa wa Kafanchan bishop nata. A 1995 Katolika ita ma ta yi haka, Joseph Bagobiri ya zama bishop na farko. Babbar majami'arsu ita ce ta Saint Peter Claver.

Musulmin gari su ma sun gina nasu. 'Yan kasuwa da mahauta da ma'aikata suka tara kuɗi suka yi masallatai a unguwanni. Malamai suka buɗe makarantun allo, daga baya aka sami na Islamiyya. Baƙo Musulmi da ya sauka a tasha, masallaci yake nema ko gidan mai unguwa.

Waɗannan wurare na ibada sun taimaki kasuwa. Ginin majami'a ko masallaci aiki ne ga magina, kafintoci da maƙera. Makaranta tana bukatar tela mai ɗinka kayan 'yan makaranta da mai sayar da littafi da alli. Lokacin Kirsimeti da lokacin Salla, ciniki yakan tashi ga kowa. Mahauci Musulmi yana jiran Kirsimeti, mai kanti Kirista yana jiran Salla. Ƙungiyoyin mata, irin su Zumuntar Mata, suna duba marasa lafiya, suna taimakon juna da ɗan jari.

MAGANAR SARAUTA

Da gari ya bunƙasa, sai hukuma ta biyo shi. A 1933 aka mayar da fadar Sarkin Jema'a zuwa Kafanchan. Ofisoshin En'e, kotu da baitulmali suka zauna a garin. Wannan ya ƙara masa girma da ma'aikata. Amma ya bar wani ƙulli da ba a warware ba.

Mutanen Fantswam da maƙwabtansu suna ganin ƙasar kakanninsu ce, ga shi an ɗora musu sarautar da ba tasu ba, ba tare da an tambaye su ba. Hausawa da Fulanin gari kuma suna ganin masarautarsu ta daɗe a yankin, a nan aka haife su, a nan aka binne iyayensu, ba su da wani gida. Kowane ɓangare yana da abin da yake riƙe da shi. Turawa suka tafi a 1960 suka bar maganar yadda take. Sai a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, mutanen Fantswam suka sami sarkinsu, lokacin da aka ƙara ƙirƙiro sababbin masarautu a kudancin Kaduna.

JIRGI YA JA BAYA

Girgiza ta farko ta zo a 1966. An kashe Ibo da yawa a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka gudu gida. Jiragen da suka kwashe su ta Kafanchan suka bi. Kantuna suka rufe, ofisoshin reluwe suka rasa ƙwararru. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse hanyar Fatakwal. Bayan yaƙi da yawa sun dawo, suka sake farawa daga tushe.

Girgiza ta biyu a hankali ta zo. Aka shimfiɗa tituna masu kwalta, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya. Mota tana zuwa har bakin gona, jirgi kuwa sai an kai masa kaya tasha. Hukumar jiragen ƙasa ta rasa kuɗin gyara. Daga shekarun 1980 jirage suka ragu, aka sallami ma'aikata da yawa. Mai tuwon tasha, ɗan dako da mai masauki duk suka ji a jikinsu. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai bi ta Kafanchan ba. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran tsohon layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda shi ne ya ratsa garin.

Duk da haka garin bai mutu ba. Abin da ya riƙe shi shi ne abubuwan da suka kafu a gefen tasha tun jirgi yana da ƙarfi. Citta ta koma hawa mota. Kasuwa ta ci gaba da ci. Makarantu sun riga sun yaye malamai, ma'aikatan jinya, sojoji da ma'aikatan gwamnati, suna aiko da kuɗi gida. A 1977 aka kafa kwalejin horar da malamai, wadda daga baya ta koma mazauninta a Gidan Waya. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ta buɗe reshe a garin. Ɗalibai suka zama sababbin masu saye, kamar yadda ma'aikatan reluwe suka kasance a da.

Citta ma ta nuna tana da nata haɗari. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Manoma da yawa sun rasa amfanin shekara, sun rasa iri. Waɗanda suka ci bashi suka zuba duka a citta su suka fi shan wahala.

ABIN DA RIKICI YA CI

Tsayawar jirgi ta rage wa garin ciniki. Rikici kuwa ya ci rayuka da dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa.

Ranar 6 ga Maris 1987 gardama ta tashi tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a kwalejin malamai, a kan wani wa'azi. Ta fita daga makaranta ta shiga gari. Cikin 'yan kwanaki labari ya bazu, an ƙara masa gishiri, wutar ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. An rasa rayuka. An ƙona majami'u da masallatai. Mutanen da ba su taɓa ganin Kafanchan ba suka rasa gidajensu saboda abin da ya faru a can.

A 1999 aka sake rikici a kan naɗin sabon Sarkin Jema'a. A watan Afrilu 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi wani mai muni, babbar kasuwar gari ta ƙone. Wuta ba ta tambayi mai rumfa addininsa ba. Bayan kowane rikici unguwanni sukan ƙara rabuwa. Mai saye ya ji tsoron zuwa wurin mai sayarwar da ya saba da shi shekara da shekaru. Mai jari ya kwashe kuɗinsa ya kai wani gari.

An yi ƙoƙarin gyara. A watan Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi 5 suka taru a Kafanchan, suka sa hannu a takardar zaman lafiya. Takardar ba ta hana sake zubar da jini a ƙauyukan yankin ba kafin ƙarshen wannan shekara. Amma ta nuna shugabannin al'umma suna iya zama wuri ɗaya su faɗi abin da ke damunsu. Aikin da ya rage na yau da kullum ne, a kasuwa da unguwa da gona.

ABIN LURA GA KOWANE GARI

Na farko, kada gari ko gida ya rataya rayuwarsa a kan abu ɗaya. Jirgi ya ja baya, citta ta yi ciwo. Manomin da ke da gonar abinci da 'yan awaki ban da amfanin sayarwa, shi ne ke kai wata damina ba tare da ya sayar da gona ba.

Na biyu, baƙo yana kawo sana'a da ciniki, mai ƙasa yana ba da wuri da abinci. Kowa yana bukatar ɗan'uwansa. Amma maganar fili da ta shugabanci a yi ta a fili tun farko. Idan an ba da aron gona, ko an sayar, a rubuta a gaban shaidu da mai unguwa, kowa ya riƙe takardarsa. Abin da iyaye suka bari a dunƙule, 'ya'ya ne ke faɗa a kansa.

Na uku, abin da jama'a suka gina da kuɗinsu da hannunsu yana daɗewa. Majami'u, masallatai da makarantun da talakawa suka tara kwabo-kwabo suka gina suna nan suna aiki, alhali harkar tasha ta ja baya. Kada a zauna jiran gwamnati a kan rijiya, ko ajin karatu, ko gyaran hanyar kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, ƙaramar gardama a kashe ta tun tana ƙarama. Liman da fasto da mai gari su san juna tun ana zaman lafiya, domin ranar da wani abu ya taso su sami bakin magana. Labarin da aka ji a kasuwa ko aka gani a waya, a bincika kafin a kai shi gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyar, kowane gari yana da irin wannan tarihi. Wa ya fara kafa rumfa a kasuwarku? Wa ya haƙa rijiyar farko? A wace shekara aka gina masallaci, ko majami'a, ko makaranta? Tsofaffin da suka sani suna ƙarewa. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku sami littafi da biro, ku zauna da su, ku rubuta abin da suka faɗa da sunayen waɗanda suka yi aikin. Leburorin da suka shimfiɗa layin Kafanchan ba su sami mai rubuta sunansu ba. Kada a bar na garinku su ɓace haka.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa kasuwa ta kafu a bakin tashar Kafanchan?

2. Ta waɗanne hanyoyi biyu majami'u suka shigo yankin?

3. Me ya riƙe garin bayan jirgi ya ja baya?

4. A kan wane abu garinku ya fi dogara? Idan ya tsaya, me za a yi?